Shirun Malam Habu Mai Majigi

A Kwanar Dangora labarin ya same ni, ranar Talata wajen azahar, ina tsaye ina ɗura wa motar majigi ruwa. Wani direban babbar mota da ya fito daga Kiru da buhunan gyaɗa ya tsaya kusa da ni, ya leƙo ya ce ko ni ne Garba mai inji. Na ce ni ne. Ya sauko ya ba ni hannu, ya riƙe bai saki ba, ya ce in yi haƙuri, Malam Habu ya rasu jiya da la'asar, an kai shi kafin magariba. Na Allah muke, gare Shi za mu koma. Na faɗi haka da bakina, amma ban san lokacin da garwar ta suɓuce daga hannuna ba, sai da na ji ruwa ya jiƙa mini ƙafa. Ban sami sallarsa ba, ban kama makararsa ba, ni da muka yi shekara bakwai muna sauka a zaure ɗaya, muna sa hannu a akushi ɗaya.

Washegari na isa Kiru. A wurin zaman makoki kowa yana faɗin alherinsa, kuma duk abin da aka faɗa gaskiya ne, sai abu ɗaya da na ji ana ta maimaitawa wanda ya hana ni sakat. Wai Malam ya bar aikin majigi ne don ya gaji da yawo. Wallahi bai gaji ba. Raba shi aka yi da aikin, kuma da bakina a ciki. Ina zaune a kan tabarma ina jin su, na kasa gyara maganar, don kunya ta rufe ni. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, in faɗi ko wane ne mutumin nan, in kuma faɗi abin da ya faru yadda ya faru.

Ga wanda bai san aikin ba, mu biyu ne a mota. Ni ne direba, ni ke kafa farin ƙyalle, in ta da injin wuta, in saka fim. Malam shi ne mai bayani. Yana tsayawa a gefen ƙyalle da abin magana a hannu, muryarsa tana fita ta lasifika, yana gaya wa jama'a abin da suke gani, tun da finafinan da ofishinmu na Kano ke ba mu ko dai ba magana a cikinsu sam, ko kuma da Turanci ake yi. Zagayenmu shi ne Bebeji, Kiru, Tudun Wada, har Doguwa a bakin dajin Falgore. Ya girme ni da shekara goma sha biyu, amma ban taɓa jin ya aike ni ba. In yana son abu, sai ya ce, ko za ka taimaka.

Da mun sauka a gari, ni ina fama da igiya da turaku, shi ya tafi gaisuwa. Dagaci, liman, sarkin kasuwa, har tsohuwa mai ƙosai a bakin hanya sai ya tsuguna ya gaishe ta. Ni abin yana ba ni haushi, don ni kaɗai nake jan kaya. Amma kafin magariba ya san sunan rijiyar garin, ya san gidan da aka haihu da gidan da aka yi rasuwa. In fim ya nuna rijiya sai ka ji ya kira ta da sunan rijiyarsu, wuri ya kaure da mamaki. Ba ya yarda a fara sai an ba tsofaffi wuri a gaba, mata kuma sun sami gefensu. Ba ya shan ruwan randa mai sanyi ko ana zafi kamar me, sai ruwan ɗumi da citta, ya ce muryar nan ita ce gonarsa, ba shi da wata ta kirki.

Finafinan ofis kusan duk tafiyarsu ɗaya ce, mai hankali da wawa. Mai hankali ya bi shawara ya ji daɗi, wawa ya ƙi ya sha wuya. Malam bai taɓa kiran na biyun wawa ba. Ɗan'uwanmu da labari bai iso wa da wuri ba, haka yake ce masa. Na taɓa tambayarsa me ya sa yake wahalar da bakinsa da wannan doguwar magana, ya ce mini a cikin masu kallo akwai wanda ya ga kansa a jikin mutumin nan. "Mu gobe za mu naɗe ƙyalle mu tafi," in ji shi, "shi kuwa a garin zai ci gaba da zama da waɗanda suka yi masa dariya."

Shekarar da cutar bushiya ta taso wa shanu, aka ba mu wani sabon fim. Ba hoton mutane na gaske ba ne, zane ne da aka yi da hannu aka sa shi yana motsi, kuma ko tari babu a cikinsa. Makiyaya biyu ne da garkunansu. An zana cutar kamar baƙin hayaƙi mai bin ƙasa. Ɗaya ya kai shanunsa aka yi musu allura, hayaƙin ya zo ya wuce su. Ɗayan ya kora nasa cikin daji don gudun allura, hayaƙin ya bi su har can. Tare da fim ɗin aka ba Malam takarda mai shafi uku da aka buga da tafireta, aka ce ita zai riƙa karantawa, kada ya ƙara kada ya rage.

A kan fim ɗin nan muka yi gardamar da ba mu taɓa yin irinta ba. Ni na ce wannan ba ya bukatar bakin kowa, ko kurma ya kalla zai gane. Wanda ya zana shi ya riga ya gama magana da hannunsa. Malam ya ce babu labarin da ke tsayawa da ƙafarsa ba mai riƙe masa hannu. Daga Kano har Bebeji muna abu ɗaya, ni ina tuƙi ina zuba, shi yana ɓare goro yana mini dariya. Ya ce ai dole in so kowa ya yi shiru, tun da abokin hirata inji ne. Na ce shi kuwa tsoro yake ji kada a gane ana iya majigi ba shi. Wasa nake yi, Allah ya sani, amma har yau in na tuna na faɗi haka sai raina ya ɓaci.

A shafi na uku na takardar akwai wani layi. An rubuta cewa in aka zo inda shanu ke faɗuwa, mai bayani ya nuna jama'a da hannu ya ce, kai mai shanu da kake zaune a nan, haka naka za su mutu ɗaya bayan ɗaya in ba ka kai su allura ba. Duk wanda ya zauna da Fulani ya san ba a haka. Ba a ambaton mutuwa a kan dabbar mutum a gaban idonsa ko da wasa, ko yaba garke za ka yi sai ka haɗa da tubarkalla. Malam ya fi ni sani, don mahaifiyarsa Bafillatana ce, kuma yana jin Fillanci kamar Hausa. Ya kai kuka ofis tun kafin mu fito, aka ce masa waɗanda suka rubuta sun fi shi ilimi, wai sai an tsorata mutane suke motsawa.

A Yako ya karanta layin. Bayan kaka ne, makiyaya sun shigo gonaki cin kara, sun kuwa zo kallo da yawa. Ya ɗaga hannu kamar yadda takarda ta ce, hannun ya faɗa kan wani makiyayi mai suna Ja'e da ke zaune a sahun gaba. Na ga mutumin ya sunkuyar da kai, ya tashi ya fita, 'yan'uwansa suka bi shi. Ba a yi kwana goma ba bushiya ta shiga garken Ja'e ta yi masa kaca-kaca. Cutar tana kan hanya tun kafin mu je, wannan kowa mai lura ya sani, amma je ka gaya wa wanda ya wayi gari yana jan gawar saniyarsa. Magana ta bazu a rugage cewa mai majigi yana da baki, wanda duk ya nuna, shanunsa sun tafi.

Da labarin ya iso mana Malam ya yini bai ci abinci ba. Na ce masa ai ba laifinsa ba ne, takarda ce. Ya ce takarda ba ta da baki, shi ya ara mata nasa, kuma yana sane ya ara. A Tudun Wada ya tsallake layin, amma ko bai tsallake ba babu makiyayi ko ɗaya da ya zo. Wani ya kai rahoto Kano. Kafin mu tashi zuwa Doguwa sai ga mai duba aiki, Malam Isa, an turo shi da kwafin takardar da kuma saƙo: zai zauna yana bin layi da yatsa, in Malam ya sake tsallake ko kalma ɗaya, aikinsa ya ƙare. Malam yana da 'ya'ya shida, babbansu bai isa riƙe fartanya sosai ba, ga tsohuwarsa a ɗaki, gonarsa kuwa ba ta ciyar da gida wata uku. Wannan duka na sani, Malam Isa ma ya sani.

Mun isa Doguwa da hantsi muka tarar da dagaci hankalinsa a tashe. Ya ce malaman dabbobi za su iso jibi da allura, amma Fulanin bakin daji sun riga sun ɗaure kaya, gobe da asuba za su kora shanu cikin Falgore. Sun ce mai baki ya zo, masu allura na biye da shi, ba za su tsaya ba. Dagaci ya ce da ƙyar ya roƙi Ardo Buba, shugabansu, ya zo kallo don girmansa, amma shi kansa yana tsoron abin da zai faru in samari suka ji layin nan. Ya ce da shawararsa za a bi, da mun naɗe kayanmu mun koma. Malam Isa ya ce ba a aiko mu don mu koma ba.

Bayan azahar Malam ya ce ko zan taimaka in raka shi ruga. Muka bar mota muka tafi a ƙasa, don ya ce ba a shiga wa mai fushi da ƙarar inji. Da muka doso sai na ga mata suna janye yara, wani saurayi kuma ya yi sauri ya kora maruƙa bayan bukka don kada idon Malam ya sauka a kansu. Na ja baya kaɗan. Shi kuwa tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya kawar da kai daga wajen shanu, ya tsuguna a rana yana sallama. An daɗe kafin a amsa. Da Ardo ya fito bai ba shi hannu ba, bai kuma sa an kawo tabarma ba. Haka Malam ya yi ta gaisuwa da Fillanci, ya faɗi sunan mahaifiyarsa da zuriyarta, ya yi jajen shanun Ja'e, ya ce abin da ya yi a Yako rashin ladabi ne kuma ba ya kare kansa. Bai ambaci allura ba ko sau ɗaya. Mun fi awa biyu a wurin, ƙafafuna har suka sage.

Daga ƙarshe Ardo ya juya harshe zuwa Hausa, ina jin don ni ma in ji in zama shaida. Ya ce za su zo, don dagaci ya kira su. Amma in bakin Malam ya taɓa shanunsu za su tashi, kuma abin da samari za su yi kafin su tashi, shi ba zai iya riƙe su ba.

Malam ya ce, "Baffa, in ban yi magana ba fa, za ku zauna har a gama?"

Ardo ya dube shi ya ce, "In ka iya, mu ma za mu iya."

Muka kamo hanyar komawa gari. Da muka iso ya sami Malam Isa ya kwashe duka ya gaya masa, ya roƙe shi ya kawar da kai na yau kaɗai. Malam Isa ba mugun mutum ba ne, kada wani ya karanta wannan ya zage shi. Ya ce shi ma aiko shi aka yi, shi ma yana da iyali, kuma wanda ya kai rahoton Tudun Wada zai iya kai na Doguwa. Na ja Malam gefe na ce ya yi rashin lafiyar ƙarya, ko ni in ce inji ya lalace. Ya ce in inji ya lalace, da asuba shanu suna daji. Na ce to ya karanta da sauri-sauri yadda ba za a ji ba. Ya ce in rabu da shi zai yi alwala. Ban san abin da ya yanke ba har muka kafa ƙyalle.

Da aka idar da sallar isha'i fili ya cika. Mutanen gari a gaba, Ardo da dattawansa a gefe ɗaya, matansu a baya da su. Samarin ruga kuwa sun ƙi zama, suka jeru a tsaye da sanduna a kafaɗa, suka kewaye inda nake. Ɗaya ya zo ya tsaya daidai kan wayar da ta tashi daga inji zuwa lasifika, yana kallona ko ƙiftawa babu. Malam Isa ya zauna a kan akwatin fim da fitila a gefe da takarda a cinya. Muka fara da fim ɗin gyaɗa, Malam ya yi bayaninsa kamar kullum, har ya ba mutanen gari dariya, amma ɓangaren Fulani ko motsi. Da na zo saka na shanu sai da na yi sau biyu kafin ya shiga.

Haske ya hau ƙyalle, garkuna biyu suka fito. Malam Isa ya ɗora yatsa a kan layin farko. Malam ya kai abin magana bakinsa, na ji sandunan nan sun sauko daga kafaɗu.

Ya ce, "Jama'a, ga shanu nan. Kun fi ni saninsu."

Sai ya sunkuya ya ajiye abin maganar a ƙasa, ya koma gefe ya zauna a kan ƙafafunsa, ya haɗa hannuwa.

Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar inji. Malam Isa ya yi ta kiransa ƙasa-ƙasa, Malam Habu, Malam Habu, ka tuna da yara. Bai waiwayo ba. Sai Malam Isa ya juyo gare ni ya ce in kashe inji yanzu-yanzu, kafin abin ya zama na mu biyu. Na kai hannu, wallahi na kai, don ni ma tsoron nawa aikin ya kama ni. Na dubi Malam, ya girgiza mini kai sau ɗaya. Na janye hannuna. Minti ɗaya, biyu, shanu suna kiwo a kan ƙyalle, hayaƙi yana tasowa daga gefe, mutanen gari sun fara waige-waige suna tambayar ko lasifika ce ta mutu. Na ce a raina shi ke nan, Malam ne da gaskiya, ba mai gane komai, ya zubar da aikinsa a banza.

Sai wata tsohuwa daga cikin matan ruga ta yi magana da ƙarfi da Fillanci. Daga baya Malam ya fassara mini, cewa ta yi, waccan jar kunnenta ya faɗi, ba ta da lafiya. Ni da na saka fim ɗin nan ya fi sau ashirin ban taɓa lura da kunnen ba, takardar ofis ma ba ta ambace shi ba. Wani ya amsa mata cewa ga hawaye ma a idonta. Kafin ka ce me, magana ta kama ko'ina, wannan yana nuna wa wancan, suna faɗin abin da zai faru tun bai faru ba. Da makiyayin da ya gudu daji ya kai garkensa bakin rafin da marasa lafiya suka sha, wani dattijo ya miƙe tsaye yana daka masa tsawa kada ya shayar a nan. Saurayin da ya taka mini waya ban san lokacin da ya matsa gaba ya tsuguna ba. Da aka zo inda shanu ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, inda layin nan yake, kowa ya yi shiru, sai kukan wata mata a baya. Ba wanda aka nuna da hannu.

Da fim ya ƙare ba wanda ya tashi. Ardo ya aiko a ce mini in sake sakawa, na sake. Da asuba dagaci ya tura mutum ya leƙa ruga, ya dawo ya ce ana kwance kaya. Ba duka suka tsaya ba, gida uku sun shiga daji kamar yadda suka shirya, kuma abin da ya same su ba na son faɗa. Amma sauran sun jira, ranar allura kuwa Ardo da kansa ya fara shigo da garkensa cikin shinge. Malam bai je wurin ba, ya ce gara su yi ba idonsa.

Yanzu na zo inda nake gudu. Malam Isa ya rubuta rahoto na gaskiya, ya ce Malam ya ƙi karanta takarda, ya kuma ce shanu sun zo allura. Rahoton ya rikita ofis, don ba su san ko hukunci za su yi ko yabo ba. Sai Baturen da ke kan aikin ya sa aka kira ni, ni kaɗai, ya tambaye ni ta bakin akawu ko da gaske mutane sun gane fim ba bayani. Na ɗauka ceton Malam zan yi in na nuna abin ya yi kyau. Amma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, akwai kuma daɗin cin gardama a raina. Na yi ta zuba. Na ce sun gane fiye da ko'ina, na ce sun ga abin da takarda ba ta gani ba, na ce wannan zane ba ya bukatar ko kalma ɗaya, ni dama tun farko na faɗa. Ban ce komai a kan awa biyun da mutum ya yi a tsugune a rana ba takalmi, waɗanda su suka sa aka zauna aka kalla. Ban ɓoye da gangan ba, ban dai ga abin faɗa a ciki ba a lokacin. Bature ya gyaɗa kai ya rubuta. Bayan mako biyu takarda ta fito: tun da mai bayani ya saɓa umarni, kuma mai inji ya shaida ana iya aikin ba shi, an sallami Malam Habu.

Ni kaɗai na ci gaba da zagaye da fim ɗin. A wani ƙauye na manoma kusa da Bebeji na saka shi ba bayani, ina taƙama. Da shanu suka fara faɗuwa sai wuri ya ɓarke da dariya da tafi, don yadda aka zana ƙafafunsu a sama ya ba su nishaɗi. Bayan an tashi na ji wani yana gaya wa abokinsa cewa mai allurar nan ne ya saki hayaƙin. A nan na gane kuskurena. Zanen ya yi magana a Doguwa ne don ya sami waɗanda suka san kunnen saniya, kuma an riga an lallashe su sun zauna. Na koma ofis na faɗi haka, aka ce an rufe maganar.

Malam ya koma Kiru ya kama noma da shekarunsa, yana kuma karanta wa mutane wasiƙa a kasuwa. Shekara uku ina wuce mararrabar garin da mota, in rage gudu, in sake takawa. Sau ɗaya na shiga, da daminar da ta wuce, na same shi ya rame yana tari. Ya yi murna da ganina ƙwarai, ya sa aka dama mini fura, ya tambayi inji kamar yana tambayar ɗan'uwa, ya tsokane ni ko har yanzu shi ne abokin hirata. Na je ne da niyyar in faɗa masa abin da na gaya wa Bature in nemi gafara. Na zauna tun hantsi har la'asar, na yi maganar hanya, na yi maganar farashin gyaɗa, na kasa. Na lura in na yi shiru shi ma sai ya yi shiru yana dubana, amma na ce a raina ai bai sani ba, me zai sa in ta da masa hankali yana ciwo, sai wani zuwan. Ya rako ni har bakin mota yana dogara sanda.

Ranar da na je ta'aziyya, da mutane suka ragu, mai ɗakinsa Yaya Hauwa ta sa aka shigo da ni soro na biyu don in gaishe ta, tana daga bayan ƙofa. Na yi mata gaisuwa, sannan abin da na kasa faɗa wa mijinta ya fito da kansa, ina faɗa ina kuka kamar ba babba ba. Ta bar ni har na gama.

Ta ce, "Malam Garba, ai ya sani. Tun makon da abin ya faru Malam Isa ya zo har nan ya gaya masa. Ya hana mu tayar maka. Ya ce in ka kawo maganar da kanka zai ji daɗi, don ku wanke ta ku koma yadda kuke, in kuma ba ka kawo ba ya yafe. Ranar da ka zo, bayan ka tafi, ya daɗe a ƙofar gida. Da ya shigo sai ya ce mini, ya kusa, wani zuwan zai faɗa."

Ya Allah, ga bawanka Habu ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa kamar yadda ya yafe wa wanda bai ma roƙe shi ba. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshensa wajen amsa tambaya, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Yaya Hauwa da tsohuwarsa haƙurin wannan rashi, Ka raya 'ya'yansa shida, Ka buɗa musu ƙofar abinci ta inda ba su zata ba, Ka ba ni ikon tsaya musu iyakar ƙarfina. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa Malam addu'a, in ya gama kuma ya sa ni a ciki. Allah Ya sa mu cika da imani, amin.